Askar Andalus: kayan aikin wanzami a Ƙurɗuba da Ishbiliya da Fas

"Assalamu alaikum, Malam. Na karanta a intanet cewa Musulmin Andalus ne suka ƙirƙiro aska, kuma su ne suka koya wa Turawa aske gemu da gyaran gashi. Tunda na san Malam ɗan gidan wanzamai ne kuma mai nazarin tarihi, ina roƙon a yi mini bayanin irin kayan da wanzamansu suke aiki da su, da kuma ko akwai kama tsakaninsu da kayan wanzamanmu na ƙasar Hausa."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta haɗa abu uku a wuri ɗaya: asalin aska, abin da ke cikin zabirar wanzamin Andalus, da dangantakarsa da namu. Na farkon shi ne mafi sauƙi, don haka bari mu sallame shi tun yanzu. Mutanen Andalus ba su ƙirƙiro aska ba. Misirawan zamanin Fir'auna sun yi aski da askar tagulla shekaru dubbai kafin Musulunci, Rumawa kuma suna da tasu askar ta ƙarfe da suke kira novacula, wadda daga ita ce kalmar navaja ta harshen Sifaniyanci ta fito. Abin da ya kamata a yaba wa Andalus da shi wani abu ne daban, wato yadda aka ɗauki aikin aska a matsayin sha'anin tsarki da lafiyar jama'a, har malamai suka rubuta hukuncinsa, likitoci suka zana kayansa, hukumar kasuwa kuma ta sa masa ido.

Mutanen da ake magana a kansu su ne Musulmin da suka zauna a ƙasar da a yau take Sifaniya da Fotugal, tun daga shigar Ɗariƙu bin Ziyad a shekarar 711 har zuwa faɗuwar Garnaɗa, daularsu ta ƙarshe a can, a 1492, tare da 'yan'uwansu na tsallaken teku a Maroko da sauran ƙasashen Magrib. Kiristocin yankin suna yi musu kuɗin goro da sunan Moro, alhali a cikinsu akwai Larabawa, akwai ƙabilun Barbar dangin Buzaye, akwai baƙaƙen fata daga kudancin Sahara, mafi yawansu kuma 'yan asalin ƙasar ne da kakanninsu suka musulunta. Kusan shekara 800 ke nan, kuma a cikin wannan tsawon lokaci yayin aski ya sauya sau da yawa, amma kayan aikin ba su sauya sosai ba.

Inda aska take shiga da inda ba ta shiga

Wanda yake son fahimtar kayan aikin wanzami sai ya fara da sanin aikin da ake kiransa ya yi, kuma a Andalus fiƙihu ne ya shata wannan aikin. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa abubuwa biyar na fiɗira: kaciya, aske gashin mara, rage gashin baki, yanke farce da tsige gashin hammata. Kalmar da hadisin ya yi amfani da ita ga aske gashin mara ita ce istihdad, wadda ta fito daga hadid, wato ƙarfe, ma'ana dai amfani da aska. A ruwayar Anas da ke cikin Muslim an iyakance kada a bar waɗannan su wuce kwana 40. Ka ga ke nan kowane baligi, namiji ko mace, mai kuɗi ko talaka, yana da bukatar kaifi a kai a kai, kuma wannan kaɗai ya isa ya raya maƙera da wanzamai a kowane gari.

Mazhabar Malikiyya ce ta mamaye Andalus tun ƙarni na 9, musamman ta hannun Yahya bin Yahya al-Laisi wanda ya rasu a 848, mai ruwayar Muwaɗɗa da muke karantawa a zaurukanmu. Imamu Malik ya tsananta a kan gashin baki: a rage shi har gefen leɓe ya bayyana, amma kada a aske shi ƙwal, domin yana ganin askewar ɓata halitta ce. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta maimaita wannan a babin fiɗira, ta kuma kawo cewa a bar gemu, sai dai babu laifi a rage tsawonsa idan ya yi yawa. Sakamakon wannan a aikace shi ne cewa fuskar namiji aikin almakashi ce da mataji, aska kuma aikinta yana kan kai da ƙeya da sauran jiki, da askin jariri ranar bakwai, da askin alhaji. Saboda haka maganar cewa su ne suka koya wa Turawa aske gemu ta juya al'amarin a bai-bai. A wancan zamani limaman cocin Katolika ne aka sani da aske fuska, malami ko alƙali na Ƙurɗuba, babban birnin Andalus a lokacin, kuwa da gemunsa aka san shi.

Na girma ina ganin wannan rabon aiki a hannun mahaifina ba tare da na san yana da asali a littafi ba. Idan dattijo ya zauna a gabansa, zai aske masa kai tas da aska, ya gyara masa gefen kunci da ƙasan wuya, sa'an nan ya ajiye askar ya ɗauki almakashi kafin ya taɓa gashin baki. Sai da na kai babin fiɗira a Risala na gane cewa hukuncin Imamu Malik ne yake aiwatarwa.

Sunan da aka fi kawowa a wannan batu shi ne Ziryab, wato Abul Hasan Ali bin Nafi'u, mawaƙin da ya taso daga Bagadaza ya iso Ƙurɗuba a 822, a farkon mulkin Abdurrahman na biyu. Marubutan tarihi, musamman al-Maƙƙari wanda ya rasu a 1632, sun ce kafin zuwansa maza da mata suna raba gashi biyu a tsakiyar kai su sake shi ya rufe gira da gefen fuska, shi kuwa ya zo da yayin datse gashin goshi daidai saman gira da zagaye shi zuwa kunnuwa, manyan gari suka bi shi. Wannan labarin yayi ne na fada, kuma shi ma aikin almakashi ne. Ya kamata kuma a tuna cewa tsakanin Ziryab da al-Maƙƙari akwai kusan shekara 800, ko da yake ya ɗebo daga magabata irin su Ibn Hayyan, masanin tarihi na Ƙurɗuba, kuma mutumin da ya shahara yakan tara wa kansa abubuwan da wasu suka fara.

Ƙarfe da dutse da fata

Askar kanta Larabawa suna kiranta musa. Ruwanta siriri ne mai baki ɗaya, da ƙota ta itace ko ƙashi ko ƙahon dabba. Abin da ya raba aska da ƙaramar wuƙa shi ne irin ƙarfen da kuma sirantar bakin. Ƙarfe mai laushi ba ya riƙe kaifin da zai yanke gashi, don haka ana bukatar fulaz, wato ƙarfen da aka ƙara wa tauri, a ƙona shi ya yi ja, a tsoma a ruwa ko mai, sa'an nan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi gautsi ya ɓalle. Masana na duniyar Musulmi sun san wannan bambanci sarai, domin tun ƙarni na 9 al-Kindi ya rubuta risala a kan takubba inda ya raba ƙarfe mai tauri da mai laushi da kuma fulaz.

Andalus ba ta rasa maƙera ba. Al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a 1154, ya ambaci sana'ar ƙarfe a tsibirin Shalɗish da ke kudu maso yammacin ƙasar. Ibn Sa'id na ƙarni na 13 ya yabi fulaz ɗin Ishbiliya, garin da a yau ake kira Sebiya, ya kuma ce a Mursiya ana ƙera wuƙaƙe da almakasai masu ado da ruwan zinariya da sauran kayan amarya da na soja, ana fitar da su zuwa Ifriƙiya, wato yankin Tunisiya ta yau, da wasu ƙasashe. Wannan shaida ta Mursiya tana da muhimmanci a wurina, domin ta nuna almakashi ya kai matsayin da ake sa shi cikin kayan ɗakin amarya, kuma haja ce da ke ƙetare teku zuwa Afirka.

Sai dai duk kyan ƙarfe, aska ba ta wuce kai biyu ko uku ba tare da ta nemi gyara ba, kuma a nan ne ainihin gwanintar take. Dutsen washi, wanda Larabawa ke kira misann, shi ke fitar da baki, fata kuma ita ke daidaita shi ta kwantar da ɗan ƙaiƙayin da dutse ya bari. Ina ɗan shekara goma sha wani abu aka fara ba ni aska in wasa, kuma na daɗe ina ɗaga bayanta daga kan dutse, sai bakin ya yi kauri, ta riƙa jan gashi maimakon ta yanke shi. Mahaifina bai bar ni na taɓa kan mutum ba sai da ya ga askar da na wasa ta share gashin hannuna a tafiya ɗaya. Harshen Fotugal ya adana shaidar cewa wanzamin Andalus ma da wannan aka san shi: kalmar al-hajjam ta shiga Sifaniyanci a matsayin alfajeme, wato wanzami, a Fotugal kuwa alfageme ta zarce har ta zama sunan mai wasa takubba da gyara su. Mutumin da ya iya fitar da bakin aska shi ake kai wa takobi.

Sauran kayan ba su da wuyar lissafi. Akwai mataji na itace ko ƙashi, na masu hali kuma na hauren giwa, galibi mai haƙora a gefe biyu, manya don warware gashi, ƙanana don fitar da ƙwarƙwata. Akwai hantsaki na tsige gashi, da madubi na gogaggen ƙarfe ko tagulla, da tasar ruwa, da mayafin da ake yafa wa mai aski. Sabulunsu na man zaitun ne da toka, kuma yankin Ishbiliya ya shahara da zaitun. Lalle da kwalli da turare suna biye, har kalmar alheña ta Sifaniyanci daga al-hinna ta fito. Akwai kuma abin da ya rage wa aska aiki ƙwarai, wato nura, haɗin ƙonannen dutsen farar ƙasa da wani ma'adini rawaya mai guba da ake kira zarnik. Ana kwaɓa shi a shafa a jiki a gidan wanka, a ɗan jira, a wanke, gashin ya bi ruwa. Idan aka bar shi ya daɗe yana ƙona fata, shi ya sa littattafan likitanci suka tanadi magungunan ƙunarsa.

Wanzami a matsayin mai magani

Larabci yana da sunaye uku ga mai wannan sana'a: hallaƙ mai aski, muzayyin mai gyara da ƙawatawa, da hajjam mai ƙaho. Sunan da ya zauna a bakin mutanen Andalus har ya shiga harshen maƙwabtansu shi ne na ukun, kuma wannan ya gaya mana abin da jama'a suka fi saninsa da shi. Mutum ɗaya ne yake aski, yake ƙaho, yake tsaga jijiya a zubar da jini, yake cire haƙori, yake yi wa yara kaciya.

Babbar madogararmu a nan ita ce Abul Ƙasim Khalaf bin Abbas az-Zahrawi, likitan da ya rayu a Madinatuz Zahra kusa da Ƙurɗuba, ya rasu wajen 1013. Littafinsa at-Tasrif yana da maƙala 30. Ta 19 tana magana a kan kayan ado da gyaran jiki, ta 30 kuma a kan aikin hannu, wato tiyata, kuma a cikinta ya zana kayan aiki kusan 200. An fassara wannan maƙala zuwa Latin a Ɗulaiɗila, wato Toledo ta yau, a ƙarni na 12, ta hannun Jirad mutumin Kiremona, kuma likitocin Turai sun yi ƙarnuka suna karanta ta. Idan ana neman abin da Turai ta koya daga Andalus game da kaifi da jikin mutum, a nan yake.

Az-Zahrawi ya ce ana yin kofin ƙaho da ƙahon dabba ko itace ko tagulla ko gilashi. Wani ana zuƙe iskarsa da baki kamar yadda muke yi, wani kuma ana kunna 'yar wuta a cikinsa ta cinye iskar ya kama fata. Ya bambanta ƙahon da ake tsagawa a fitar da jini da wanda ake kafawa ba tsaga. Ya kuma kawo mishraɗ, wato askar tsaga, da mibda'u na buɗe jijiya, wanda yake da siffofi daban-daban gwargwadon jijiyar da za a buɗe, wani mai faɗi kamar ganye, wani siriri kamar ganyen zaitun. Duk wanzamin da ya ga waɗannan zane-zane zai gane 'yan'uwan abin da ke cikin zabirarsa, domin mu ma askar aski daban take da askar tsaga, kuma ba a haɗa su aiki.

Babin da ya fi taɓa ni shi ne na kaciya. Az-Zahrawi ya faɗi yadda ya ga wanzaman zamaninsa suna yi: wasu da aska, wasu da almakashi, wasu suna amfani da gululun mazari, wasu da ɗaurin zare, wasu ma da farce. Ya ce ya gwada hanyoyin duka, bai ga wadda ta fi almakashi tare da ɗaurin zare ba. Dalilinsa na mai aiki da hannu ne: fatar ninki biyu ce, aska takan yanke na sama na ciki ya zame, sai a koma a sake yanka yaro ya sha wahala sau biyu, almakashi kuwa bakinsa biyu suna haɗuwa su yanke ninkin biyu daidai a lokaci guda. Ya ƙara da cewa a kwantar wa yaron hankali, a ɓoye almakashin a hannun riga kada ya gan shi. Wanda ya taɓa zama a wurin shayi ya san wannan dabara, da yadda ake ɗauke hankalin yaro da magana har a gama. A babin cire haƙori kuwa ya yi kakkausan gargaɗi a kan jahilan wanzamai masu gaggawa, waɗanda suke karya haƙori su bar saiwarsa, ko su ɓalle wani yanki na muƙamuƙi. Ina ganin wannan suka a matsayin shaida cewa likitan fada da wanzamin kasuwa suna aiki a fili ɗaya, kuma talaka wurin wanzami yake fara zuwa.

Kasuwa da gidan wanka

Littattafan hisba, waɗanda aka rubuta don jagorantar mai kula da kasuwa, sun nuna mana wanzami a wurin aikinsa. Ibn Abdun ya rubuta nasa a Ishbiliya a farkon ƙarni na 12, zamanin Murabiɗai, daular Barbar da ta mulki Maroko da Andalus, kuma ya kafa sharuɗɗa masu ma'ana. Mai zubar da jini kada ya zuba shi sai a cikin wani kasko na musamman mai alamun awo, don a ga yawan abin da aka ɗiba, domin ɗiba da ka yana jawo ciwo ko mutuwa. Wanzami kada ya keɓe da mace a rumfarsa, ya yi aikinsa a inda idon jama'a yake. A gidan wanka kuma kada ya yi yawo ba tare da ya rufe al'aurarsa ba. Takwaransa na Sham, ash-Shaizari, ya ƙara da cewa wanzami ya kasance mai saurin hannu, ƙarfensa mai kaifi, kuma kada ya ci albasa ko tafarnuwa lokacin aiki saboda yana kusantar fuskar mutane. Sharaɗin kasko mai awo shi ne wanda nake fatan da mun gada, domin na sha ganin an bar yawan jinin ƙaho ga ƙiyasin mai yi da juriyar wanda ake yi wa.

A ɓangaren Kiristoci, dokokin da aka tattara a zamanin Sarki Alfonso na goma na Kastila a ƙarni na 13 sun yi amfani da wannan kalma ta alfajeme, suka umarce shi ya yi aski a keɓaɓɓen wuri ba a dandali ko kan titi ba, don kada wani ya bangaje shi aska ta yanki wanda ake yi wa.

Gidan wanka na jama'a, wato hammam, shi ne babbar rumfar wanzami, kuma dalilin a fili yake ga mai sana'a: tururi da ruwan zafi suna tausasa gashi, aska ta tafi ba gardama, bakinta kuma ya daɗe. Wasu daga cikin waɗannan gidaje suna nan har yau, kamar wanda ake kira Banyuwelo a Garnaɗa da na garin Hayen, dukansu na ƙarni na 11, da na Ronda wanda ya biyo bayansu. Hasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa da ya tashi a Fas ta Maroko, wanda Turawa ke kira Liyo na Afirka, ya kammala littafinsa a 1526, ya ce Fas tana da gidajen wanka kusan 100, kuma wanzamai suna biyan mai gidan wani abu don su ajiye kayansu su yi aiki a ciki. Ya kuma bayyana bikin kaciya, inda baƙi suke liƙa kuɗi a fuskar yaron wanzami, shi kuma yana kiran sunan wanda ya bayar yana godiya. Bayan faɗuwar Garnaɗa, dokar Sarki Filib na biyu ta 1567 ta haramta wa zuriyar Musulmi gidajen wankansu tare da harshensu da tufafinsu, kotunan coci kuma suna ɗaukar kaciya a matsayin shaidar cewa mutum yana riƙe da Musulunci a ɓoye, har aka kore su gaba ɗaya tsakanin 1609 da 1614.

Kama da namu

Kamar tana da yawa, amma ya kamata a sa ta a inda ta dace. Ni askar Hausa na riƙe, a kanta nake da ilimin hannu, abin da na faɗa game da Andalus kuwa daga rubutun malamai da likitoci da masu hisba yake, kuma su ba wanzamai ba ne. Siririn ƙarfe kuma tsatsa take cinye shi a ƙasa, shi ya sa akwatunan hauren giwa na fada suka fi askar talaka yawa a gidajen tarihi. Abin da ya tabbata shi ne mun sha daga rijiya ɗaya ta fiƙihu: Muwaɗɗa da Risala da aka yi hukunci da su a Ƙurɗuba da Fas su ne aka karantar a Kano da Katsina, kuma fatake da malamai sun yi ƙarnuka suna ratsa Sahara tsakaninmu da Magrib. Kalmar almakashi kanta daga al-miƙass ta Larabci take, tare da al ɗinta. Haɗuwar aski da ƙaho da kaciya a hannun mutum ɗaya, askin suna ranar bakwai, da jinkirta kaciya har yaro ya yi wayo kamar yadda Malikiyya ta fi so, duk suna cikin wannan gado.

Bambancin ma a bayyane yake. Wanzaminmu mai yawo ne da zabira, yana bin gidajen da ya gada daga iyayensa, yana ƙarƙashin Sarkin Aska, ba shi da gidan wanka na jama'a da zai zauna. Tsagar gado a fuska da cire beli ayyuka ne da ya ɗauka daga al'adar ƙasarsa. Ƙahonsa na saniya ne, yana zuƙa da baki ya toshe ƙaramin ramin da yana ko kaki, bai saba da kofin gilashi mai wuta ba. Idan kana son ka gwada da idonka, ana samun hotunan zane-zanen maƙala ta 30 ta at-Tasrif a intanet. Ka buɗe su a waya, ka je wurin wani tsohon wanzami a unguwarku ka roƙe shi ya zazzage maka zabirarsa a kan tabarma, ka fara gwadawa daga askar tsaga da ƙaho.